Zana Hanyar Tseren Keke a Ƙurewar Arewa

Tseren keken da ake kira Arctic Race of Norway ana yin sa ne a watan Agusta, kwana huɗu a jere, a arewacin ƙasar Norwe. An fara shi a shekarar 2013, kuma a cikin tseren ƙwararru masu ɗaukar kwanaki babu wanda ya kai shi nisawa arewa. Wani kamfani na 'yan ƙasar, wanda Knut-Eirik Dybdal ya ja ragamarsa, shi ke shirya shi tare da kamfanin ASO na Faransa, masu shirya Tour de France. Kowace rana ana cin zango guda, galibi tsakanin kilomita 130 da 200, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta a rana ta huɗu shi ne zakara. Ɗan ƙwallon ƙafa yana tarar da filinsa yadda ya bar shi bara, faɗi da tsawo ba su canza ba. Ɗan tseren keke kuwa kowace shekara sabon fili ake zana masa, kuma wanda ya riƙe alƙalamin zanen ya riga ya yanke rabin hukuncin irin mutumin da zai yi nasara tun kafin a taka feda.

Yankin ya ƙunshi larduna uku, Nordland da Troms da Finnmark, kuma mafi yawansa yana arewa da Da'irar Aktik, wato layin da idan aka wuce shi akwai lokacin bazara da rana ba ta faɗuwa. Jama'ar lardunan uku ba su kai rabin miliyan ba. Finnmark kaɗai ya fi ƙasar Denmak faɗi, amma mutanensa ba su wuce dubu 75 da 'yan kai ba. Garuruwa a warwatse suke a bakin teku, teku kuma ta yi ta kutsowa cikin ƙasa da dogayen mashigai tsakanin duwatsu, har garin da ake hango fitilunsa a tsallake sai an yi zagayen sa'o'i kafin a isa. Babbar hanya guda, E6, ita ce ƙashin bayan yankin, kuma a wurare da dama babu wata da za a karkata zuwa gare ta. Rufe ta don tsere yana nufin tsayar da manyan motocin kifi da motar asibiti da duk wanda ke da uzuri. Inda hanya ta yanke a bakin ruwa sai jirgin fito, shi kuwa ba a saka shi a tsakiyar zango. Ga ƙarancin masauki: 'yan tsere fiye da ɗari, da makanikai da likitoci da 'yan jarida da 'yan sanda, duk sai an sama musu gado a garuruwan da wasu otal ɗaya ne da su. Saboda haka masu shiryawa ba sa ƙoƙarin ratsa yankin gaba ɗaya. Kowace shekara sukan zaɓi shiyya guda su yi kwana huɗun a cikinta, badi su koma wata.

Matsalar da ta fi damun masu zanen ita ce rashin dogon hawa. Duwatsu kam akwai su, wasu ƙololuwan Lyngen sun haura mita 1,800, amma hanyoyin ba sa hawa kansu, gindinsu suke bi a gefen ruwa. Ko a tsaunin Saltfjellet, inda E6 ke tsallake Da'irar Aktik, hanyar ba ta kai mita 700 sama da teku ba. A tsaunukan Alps kuwa hanyar Galibier ta wuce mita 2,600, kuma hawan Alpe d'Huez kusan kilomita 14 ne babu sararawa. Irin wannan hawan shi ke raba gwanaye da tazarar mintoci. A arewacin Norwe abin da ke akwai shi ne hawan kilomita uku zuwa takwas, da hayi da gangara marasa adadi waɗanda ba su isa su wargaza ayari ba amma suna cin ƙafa a hankali.

Shekarar farko ta nuna abin da ke faruwa idan aka bi hanya yadda ta zo. An fara a Bodø, aka wuce tsibiran Lofoten, aka ƙare a Harstad, kuma zangunan suka faɗa hannun masu saurin ƙarshe, wato waɗanda ke lafewa cikin ayari har sai saura mita ɗari biyu ko uku su tsinke da gudu. Thor Hushovd, ɗan ƙasar wanda ya taɓa zama zakaran duniya a 2010, ya ci zango biyu ya kuma ɗauki tseren baki ɗaya. Ga sabon tsere mai neman 'yan kallo babu abin da ya fi wannan daɗi. Amma a fuskar wasa kwana huɗu ne masu kama da juna, kuma ƙungiyar da gwaninta mai hawa ne ba ta da dalilin yin doguwar tafiyar.

A 2014 aka gyara. Zangon farko ya tashi daga Hammerfest ya ƙare a Nordkapp, ƙurewar hanyar mota a arewacin Turai, na uku kuma ya ƙare a kan tsaunin Kvænangsfjellet. Steven Kruijswijk na Holan, mai hawa, shi ya yi nasara, amma Alexander Kristoff, mai saurin ƙarshe, yana biye da shi da 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan tsarin da aka saba gani ya samo asali: zango ɗaya ko biyu na masu sauri, zango guda mai ƙarewa a kan tudu, yawanci a rana ta uku, sai zagaye mai wuya a cikin gari a rana ta ƙarshe. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ɗaga darajar tseren a 2015, daga baya kuma ya shiga rukunin ProSeries, wanda ke bin rukunin ƙoli.

Neman tudun da za a ƙare zango a kansa shi ne babban aikin kowace shekara, kuma sharuɗɗansa sun fi tsayin tudu yawa. Dole hanyar ta kasance da kwalta. Dole a samu fili a sama inda motocin talabijin da na ƙungiyoyi za su tsaya su kuma juya, shi ya sa filayen wasan zamiyar ƙanƙara suka fi dacewa, domin suna da hanya da wurin ajiye motoci da wutar lantarki, kuma a Agusta babu kowa a cikinsu. Na Målselv shi aka fi komawa. Hawansa kilomita 3.7 ne, da matsakaicin tashi na kashi 7.8 cikin ɗari, ma'ana a kowace mita ɗari da aka yi gaba hanya ta ɗaga kusan mita takwas. Ben Hermans na Beljiyam ya ci zango a kansa sau biyu, a 2015 da 2021. A 2016 an yi amfani da Korgfjellet, inda Gianni Moscon ya ci zangon ya kuma riƙe jagoranci har ƙarshe. Mafi tsanani shi ne Storheia a 2019, kilomita 3.5 da tashi na kusan kashi 12 cikin ɗari. A irin wannan miƙewa gudu yakan ragu sosai, ɓuya a bayan wani ba ta tsinana komai domin iska ba ita ce abokiyar gaba ba, nauyin jiki ne, sai kowa ya hau da ƙarfin ƙirjinsa. Odd Christian Eiking na Norwe ne ya fara kaiwa sama.

Gajeren hawa yana da wata fa'ida da aka daɗe ana yi mata kallon kasawa. Minti goma zuwa goma sha biyar na hawa ba ya buɗe tazarar da ta wuce daƙiƙa ashirin ko talatin tsakanin na gaba-gaba, don haka ana wayar garin rana ta huɗu mutum biyar ko goma na iya cin tseren. Da akwai hawa irin na Alps a rana ta uku, da zangon ƙarshe ya zama rakiya kawai. Abin da ƙasar ta hana masu zane shi ya zame musu jari, muddin zangon ƙarshe yana da haƙoran da zai yi amfani da wannan ƙaramar tazara.

Narvik ta fi kowane gari nuna haka. Gari ne da aka gina a jikin tsauni, titunansa na hawa da sauka ne, kuma zagaye a cikinsa yana maimaita hayi ɗaya sau da yawa. A 2015 Hermans ya shiga Narvik da rigar jagora bayan nasararsa a Målselv, ya fita babu ita, Rein Taaramäe na Estoniya ya karɓe. A 2019 Warren Barguil na Faransa ne ya shiga da rigar, Alexey Lutsenko na Kazakistan ya yi ta tsintar daƙiƙoƙin garaɓasa, waɗanda ake rage wa ɗan tsere daga lokacinsa, a hanya har ya wuce shi da daƙiƙa ɗaya tak. A Trondheim a 2022 Andreas Leknessund ya ɓalle tun da nisa, ya isa shi kaɗai, ya haɗa zangon da tseren gaba ɗaya. Zagayen cikin gari yana da wani amfanin da ba na wasa ba: 'yan kallo na ganin ayarin sau huɗu ko biyar maimakon wucewar walƙiya sau ɗaya, babbar hanya kuma ana buɗe ta da wuri. Kuskuren da ake gudu shi ne zagaye mai laushi, inda ƙungiyar jagora za ta jeru a gaba ta kashe duk wani yunƙuri. Tsayin hayin ba shi ne abin dubawa ba. Nisansa da layin ƙarshe ya fi muhimmanci, domin idan akwai kilomita goma na shimfiɗa bayansa ayari zai sake haɗewa, idan kuwa biyu ne ko uku wanda ya ɓalle yana iya tsira. Ƙarancin 'yan ƙungiya ma yana taimakawa. Da mutum shida a kowace ƙungiya, maimakon takwas na Tour de France, da wuya ƙungiya ɗaya ta riƙe linzamin tsere yini guda.

Garaɓasar daƙiƙoƙi ita ce ƙaramin makamin da ke hannun mai zane. Na ɗaya da na biyu da na uku a ƙarshen zango ana rage musu daƙiƙa 10 da 6 da 4 daga lokacinsu, a wuraren gasar tsakiyar hanya kuma 3 da 2 da 1. A tseren mako uku wannan ɗan canji ne. A tseren da aka raba da daƙiƙa ɗaya a 2019, da biyu a 2021, da ɗaya kuma a 2023 lokacin da Stephen Williams ya doke Christian Scaroni, inda aka dasa layin garaɓasa na iya fin tudun kansa tasiri. Idan aka sa shi a shimfiɗa tun farkon zango, 'yan ɓallewa da ba su da alaƙa da jagoranci ne za su kwashe, ya tafi a banza. Idan aka sa shi a saman hayi cikin zagayen ƙarshe, dole manyan su fito su yi kokawa a kansa. Akwai masu ganin garaɓasar ta yi yawa, tana ba mai sauri abin da bai samu da ƙafarsa a kan tudu ba. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma a ƙasar da tuddanta gajeru ne cire ta zai bar tseren a hannun hawa guda na minti goma.

Makami na biyu ita ce iska, kuma a nan Finnmark ta fi sauran larduna. Saboda sanyi, itatuwa ba sa tsiro a tudu mai ɗan tsayi, sai fili fetal babu abin da zai kare iskar da ke tasowa daga Tekun Barents. Idan iska na bugowa daga gaba, ayari yakan cure wuri guda, na baya su ɓuya a bayan na gaba. Idan daga gefe take, mafakar ba a baya take ba, tana gefe da baya, don haka 'yan tsere kan jeru a karkace daga wannan bakin hanya zuwa wancan, kowa kafaɗarsa na kusa da ƙugun na gabansa. Faɗin hanya ne ke ƙayyade yawan waɗanda jerin zai ɗauka. A siririyar hanya mutum goma sha biyu ko sha biyar sun cika shi, na sha shida ya tsinci kansa a bakin kwalta iska na dukansa kai tsaye, sai tazarar taku ɗaya ta zama goma, ayari ya tsinke gida uku ko huɗu. Gwanin hawa mara nauyi na iya asarar minti guda a shimfiɗaɗɗiyar hanya ta wannan fuska. Tseren 2018, wanda ya tashi daga Vadsø da Kirkenes kusa da iyakar Rasha ya bi ta Kjøllefjord da Hammerfest ya ƙare a Alta, ba shi da babban tudun ƙarshe ko ɗaya, iska da sanyi da hayi-hayi ne suka tace shi, Sergei Chernetckii ya yi nasara, Mathieu van der Poel kuma ya ci zango biyu. Sai dai iska ba ta sa hannu a yarjejeniya. Mai zane na iya karkata hanya ta yadda iskar da aka saba za ta zo daga gefe a kilomita hamsin na ƙarshe, ranar tsere kuma gari ya waye tsit. Shi ya sa zangon da aka gina a kan iska kaɗai caca ne, wanda ya fi inganci shi ne mai ɗan hayi a ƙarshe ko da iskar ta ƙi zuwa.

Akwai kuma buƙatar da ba ta 'yan tsere ba. Larduna da ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar yankin suna zuba kuɗi ne domin duniya ta ga ƙasarsu a talabijin, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kan gadoji da tsibirai da jajayen rumfunan masunta. Hatta kyaututtukan talla ne: rigar gwanin hawa mai zanen kifin salmon ce, kuma wanda ya ci ta ana ba shi kilo 500 na kifin. Hanyar da ta fi kyau a hoto ita ce ta bakin teku, ita ce kuma ta fi shimfiɗa. Lofoten, wadda ta fi ko'ina jan masu yawon buɗe ido, kusan hanya ɗaya ce ta ratsa ta, E10, kuma zangunanta sukan ƙare da gudun ayari. Maganin da aka samu a 2019 ya dace: kwana biyu a Lofoten domin kyamara, daga Å zuwa Leknes da kuma Henningsvær zuwa Svolvær, sannan Storheia da Narvik domin wasa. Garin da ya biya kuɗin karɓar baƙuncin ƙarshen zango yana son a ƙare a tsakiyar kasuwarsa, ba a kan wani tudu da ke bayan gari ba, kuma yawancin gyaran hanya a teburin wannan ciniki ake yin sa.

Tsaron lafiya yana da nasa sharuɗɗan. Hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suna da yawa a Norwe, kuma wasu ba su da makawa. Duk mai zuwa Nordkapp ta mota sai ya bi wadda ta haɗa tsibirin Magerøya da babban yanki, mai tsawon kusan kilomita bakwai, wadda ta nutse mita 212 ƙarƙashin teku. Ayari na shiga daga hasken rana zuwa hasken fitila, idanu ba su gama sabawa ba hanya ta sulale ƙasa da gangara mai tsanani, gudu ya ƙaru, ƙarar babura da motoci ta cika ramin, ga danshi a kwalta. A can ƙasa kuma sai hawa mai kusan kashi tara cikin ɗari har bakin fita. Abin mamaki, ɗaya daga cikin hawa mafi wuya a shiyyar yana farawa ne daga ƙarƙashin teku. An bi ta a 2014 da 2023. Inda akwai tsohuwar hanya da ke kewaye rami ta kan tsauni, ita ta fi, domin tana kawar da haɗari tana kuma ƙara hawa, amma wasu tsofaffin hanyoyin an daina kula da su tun da aka buɗe ramukan.

Dabbobi ma na cikin lissafi. Makiyayan ƙabilar Sami na kai garken barewar arewa bakin teku da tsibirai a lokacin bazara, su da tumaki suna yawo babu shinge, kuma garke na iya tsallaka hanya a gaban ayarin da ke gudun kilomita sittin a sa'a. Babura kan riga ayarin wucewa suna kora. Yanayi kuwa, ko da yake ruwan ɗumi da ke zuwa daga Tekun Atlantika ya sa gaɓar Norwe ta fi sauran wurare masu irin nisanta arewa sauƙin sanyi, a Agusta ana iya samun rana mai daɗi yau, gobe ruwan sama da sanyin da bai kai digiri goma ba. Doguwar gangara a jiƙe cikin irin wannan sanyi na sandarar da yatsu har riƙe birki ya yi wuya, don haka ba a son sa ta kusa da ƙarshe. Tun bayan mummunan haɗarin Fabio Jakobsen a tseren Polan a 2020, wanda ya faru a layin ƙarshe mai gangara, UCI ta tsaurara dokoki kan shingayen ƙarshe da yanayin kilomitocin ƙarshe, kuma ƙananan garuruwa masu siraran tituna da shataletale da yawa sai an yi dabara kafin a sama musu miƙaƙƙen wurin da ya cika sharaɗi.

Wani gurbi da tsarin ya bari shi ne tseren agogo, inda kowa ke tashi shi kaɗai a auna lokacinsa. Masu son a saka shi na cewa zai jawo wani nau'in gwanaye. Amma kekunansa daban ne, kuma kai kaya ninki biyu zuwa ƙurewar Turai kuɗi ne da wahala ga ƙungiyoyin da tun farko doguwar tafiya ce a gare su, a watan da tseren Polan da na Burgos da na Denmak ke neman 'yan tsere iri ɗaya. Ban da haka, kilomita goma sha biyar na tseren agogo na iya buɗe tazarar da duk tuddan yankin ba za su cike ba. Idan har za a gwada, gajere a ranar farko, ko na hawan tudu da keken yau da kullum, shi ne ba zai rusa ma'aunin ba.

Iyakar yankin ma ta taɓa motsawa. A 2021, bayan annobar korona ta hana tseren 2020, zango na biyu ya tsallaka zuwa Kilpisjärvi a ƙasar Finlan. A 2022 aka gangara kudu, daga Mo i Rana har Trondheim, tseren ya gudana kacokan a kudu da Da'irar Aktik. Kudu tana da jama'a da otal da hanyoyi masu rassa waɗanda ke sauƙaƙa zanen zagaye, amma tseren da ke ɗauke da sunan Aktik ba zai yawaita zama a can ba tare da rasa abin da ya bambanta shi da Tour of Norway na kudancin ƙasar. A 2023 aka koma Finnmark, daga Kautokeino zuwa Nordkapp, a 2024 kuma shiyyar Bodø, shekarar da garin ke riƙe da kambun birnin al'adu na Turai, inda zango na uku ya ƙare a Jakobsbakken, tsohon ƙauyen masu haƙar ma'adinai a saman Sulitjelma, Magnus Cort na Denmak kuma ya ɗauki tseren.